Kundin matattu ko na masu rai: wa za mu ba kunnenmu da kuɗinmu?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na fitar da shi. Duk sanda aka ce sabon kundin kiɗan jaz ya fito a zauren nan, in ka duba sai ka tarar mai shi ya daɗe da barin duniya. A 2018 muka yi ta murna da Both Directions at Once na John Coltrane, aikin da aka naɗa tun ranar 6 ga Maris 1963. A 2020 aka fito da Palo Alto na Thelonious Monk. A 2021 ga A Love Supreme da Coltrane ya busa a gaban jama'a a Seattle, a 2023 ga na Village Gate, shi da Eric Dolphy. Duk na saurara, kuma ina son su. Amma yaran da ke busa a yau fa, waɗanda da wannan sana'ar suke biyan haya? Lokacinmu ƙayyadadde ne, aljihunmu ma haka. Ina ganin muna zaluntarsu.

Baba Garmaho: Wa alaikumus salam. Ɗana, zalunci kalma ce mai nauyi, a sassauta. Coltrane ya rasu a 1967 yana da shekara 40 kacal. Mutumin da bai daɗe ba, duk abin da aka tsinto nasa ai ganima ce. Ka san yadda wancan na 1963 ya tsira? Asalin zaren naɗin da ke hannun kamfani ya salwanta. Abin da ya rage shi ne kwafin da ya tafi da shi gida don ya saurara, ya zauna a hannun dangin matarsa ta fari, Naima, fiye da shekara hamsin. Biyu daga cikin waƙoƙin ko suna bai raɗa musu ba, da lamba ake kiran su, 11383 da 11386. Ranar da na fara jin ta farkon, wallahi sai da na tashi tsaye. McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bes, Elvin Jones a ganguna, suna kan ganiyarsu. Ka ce kada in yi murna da wannan?

Abban Sadiq: Allah ya ƙara girma Baba, ban ce kada a yi murna ba. Tambayata ita ce: shi ya so a ji? Ya rayu shekara huɗu bayan naɗin, ya fitar da kundi da dama, wannan bai fitar ba.

Mai Saksofon Jos: Nan kam Abban Sadiq ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni mai busa ne, na san abin da ake nufi da gwaji. Ka shiga situdiyo ka busa abu sau huɗu, uku ka watsar, ɗaya ka ce wannan ne ni. In bayan raina wani ya kwaso ukun nan ya sayar, ya nuna wa duniya abin da na ɓoye da gangan. A kundin da Baba ke magana, waƙar Impressions kaɗai sau huɗu ta zo a cikakken bugun. Ga ɗalibi irina makaranta ce, don kana jin yadda yake sauya hanya daga wannan zuwa wancan, har da inda aka ajiye fiyano aka bar shi da bes da ganguna. Amma a ce wa sabon shiga ga Coltrane, fara da wannan? A'a.

Na Seattle kuma, mu faɗi gaskiya, sautin bai yi ba. Ganguna sun danne komai, saksofon ɗin yana can nesa kamar daga bayan katanga. Na ji shi sau biyu don tarihi, ban sake komawa ba.

Ummi Zariya: Ni kuwa wannan nisan ne ya kama ni, Malam. A Love Supreme na situdiyo minti talatin da 'yan kai ne, a tsare tsaf. Na Seattle ya haura awa guda, ga Pharoah Sanders a ciki, kana jin ɗakin da mutanen da ke cikinsa. Da abin sauraro na kunne na ji shi, da daddare bayan yara sun kwanta. Ban ji kamar ina sauraron faifai ba, ji na yi kamar ina zaune a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga manya. Ni na Monk nake so a yi wa adalci. Ɗalibi ne ɗan shekara 16 ya gayyato shi makarantarsu ta sakandare a Oktoban 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, garin Palo Alto ya rabu tsakanin unguwar farare da ta baƙaƙe. Mai sharar makarantar ne ya naɗi wasan. Ba don shi ba da babu wanda zai san an yi. Irin wannan ba shara ce da mai ita ya zubar ba, wasa ne da aka yi a gaban jama'a, aka biya kuɗin shiga. Sai a bambanta tsakanin gwajin situdiyo da wasan dandali.

Mai Saksofon Jos: Wannan na yarda. Bambanci ne mai kyau.

Anti Hauwa Landan: Ku bar ni in shigo, tun ɗazu nake karantawa a cikin jirgin ƙasa. Abban Sadiq, ƙanena, ina bayanka, amma laifin ba na Coltrane ba ne, namu ne da ba ma nema. Masu rai suna nan suna aiki, ba su taɓa yawa kamar yanzu ba. A 2023 Ezra Collective suka ci kyautar Mercury ta kundin shekara a Birtaniya da Where I'm Meant to Be, karon farko da 'yan jaz suka ɗauke ta. Mai gangunansu Femi Koleoso da ƙanensa TJ mai bes 'yan asalin Najeriya ne. Na je wasansu, babu wanda ya zauna, daga farko har ƙarshe. Ga Kokoroko, ga Nubya Garcia, ga Shabaka Hutchings da ya ajiye saksofon ya koma sarewa ya fitar da kundi a 2024. Yawancinsu sun ratsa ta Tomorrow's Warriors, shirin koyar da matasa da aka kafa a nan tun 1991. Na sa mahaɗin waƙoƙinsu a zauren nan sau nawa? Mutum biyu ko uku ke tankawa. Amma a sa hoton tsohon faifan kamfanin Blue Note, kafin la'asar an yi sharhi hamsin.

Baba Garmaho: Hajiya, na saurari yaran nan da kika turo. Suna da hannu, ban musa ba. Amma a kunnena kiɗan Fela ne aka yi wa sabuwar riga. Rawa ce. Ina neman inda mai busa zai ɗauki waƙa ya juya ta, ya kai ta inda ban zata ba, ya dawo da ita gida lafiya, ban samu sosai ba.

Anti Hauwa Landan: Baba, ranka ya daɗe, da girmanka zan ja da kai a nan. Kiɗan Fela daga ina ya samo ƙafafunsa? Tony Allen, mai gangunan Fela, da bakinsa ya sha faɗa cewa faya-fayan Art Blakey da Max Roach ne suka buɗe masa ido. A 2017 ya yi ɗan gajeren kundi na girmama Blakey, kuma a Blue Note ya fito. Shi kansa Blakey a 1962 ya yi The African Beat da Solomon Ilori. Abin ya je ya dawo ya sake komawa, yanzu jikoki sun ɗauka a Landan. Kuma jaz ai a gidan rawa aka haife shi, zaman kujera daga baya ya zo. In kuma irin wanda kake so ne, ga Samara Joy, yarinya ƙarama, ta ci Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2023 da waƙoƙin da kakanninta suka sani. Ka saurari Linger Awhile ka gaya mini.

Baba Garmaho: Wannan na ji ta, 'yar albarka ce. Muryarta ta tuna mini da Sarah Vaughan. A kanta ba mu da saɓani.

Abban Sadiq: To kun gani, ko ita ɗin don ta yi kama da ta da ne aka karɓe ta.

Injiniya Bashir: Ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Maganar ba wa muke saurare ba ce, maganar ita ce ina kuɗin ke zuwa. Bari in warware yadda abin yake a manhaja irin Spotify, wadda ta iso Najeriya a 2021. Ba a ƙirga maka sauraro sai waƙa ta yi daƙiƙa 30. Daga nan kuma ɗaya ce, ko waƙar minti biyu ce ko ta minti goma sha biyar. Yanzu ka ɗauki The Epic na Kamasi Washington, na 2015, kusan awa uku, waƙa 17. Ka ba shi darenka gaba ɗaya, an rubuta masa 17. A wannan lokacin mai gajerun waƙoƙi ya kwashi sittin ko fiye. Sannan kuɗin da ka biya na wata ba wurin wanda ka saurara yake tafiya kai tsaye ba. Tukunya ɗaya ake zubawa, a raba gwargwadon yawan sauraron kowa a ƙasar. Wato ko Nubya Garcia kaɗai ka ji wata guda, mafi yawan kuɗinka na wurin waɗanda suka fi tashe. Daga 2024 kuma suka ce duk waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, ba ta da kaso. Ku gaya mini, yaron da ya haɗa 'yan'uwansa huɗu a Jos ko Legas suka naɗi kundi, ina zai kai dubu a kowace waƙa?

Mai Saksofon Jos: Injiniya ka taɓa mini gyambo. Mun naɗi waƙa shida bara, kuɗin situdiyo daga aljihunmu, janareto ma mu muka zuba masa mai. Har yau abin da ya shigo bai sayi kwalin harshen busa ɗaya ba, shi kuma daga waje ake kawo shi. Bikin aure da wasan otal ne ke riƙe da mu.

Ummi Zariya: Allah ya buɗa, Malam. Amma don Allah kada a mayar da mu masu sauraro ta waya kamar ɓarayi. Ni ban gaji faifai ko ɗaya ba. Babu shagon da zan shiga a Samaru ko Sabon Gari in ce a ba ni Alice Coltrane. Ba don intanet ba, da har yau ban san an yi ta ba. Da data ta kwana biyu na san mutanen da Baba ya yi shekaru yana tarawa. Ko kamfanin ECM na Jamus, da suka daɗe suna ƙin sa kayansu a manhajoji, a 2017 suka sauko, a lokacin na fara jin wasan Keith Jarrett na Kolon na 1975. Wanda yake da garmaho da ɗakin ajiya da ɗan'uwa a Turai mai aiko masa, ya gode wa Allah. Sauranmu wannan ce ƙofarmu.

Ɗan Damagaram: Gaskiyarki Malama. A nan Zinder in na ce zan yi odar faifai guda, kuɗin aike ya fi kuɗin faifan, kuma sai ya biyo ta Yamai, ya kwana a mota cikin zafin watan Afrilu. Na taɓa gwadawa sau ɗaya. Da na buɗe, ya lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwarya. Allura na hawa tana sauka. Sefa dubu nawa suka tafi a banza, ban sake ba.

Baba Garmaho: 'Yata Ummi, babu mai ce miki ɓarauniya. Ni ma jikata ta sa mini abin a waya, ina amfani da shi. Amma bari in gaya miki abin da ke ɓata mini rai. Watannin baya na nemi wani kundi da na saba ji a ciki, na tarar ya yi fari, wai babu shi a ƙasarku. Babu sallama babu bayani. Abin da ke kan kantata kuwa, tun 1976 na sayi na farko a Kaduna da albashina na biyu, yana nan. In an ɗauke wuta in jira, in an kawo in sa.

Kuma akwai abin da waya ba ta ba ki. Faifai gefe biyu ne, kowane minti ashirin da ɗoriya. Ki zaro shi daga riga, ki riƙe shi ta baki-baki kada yatsa ya taɓa tsagin, ki hura, ki ɗora, ki sauke allura a hankali. Akwai ɗan ƙaras-ƙaras na daƙiƙa biyu kafin kiɗa ya shigo, a nan nake gyara zama. Sai ki juya bayan kwalin ki karanta: wa ya busa, wa ya kaɗa, wace rana, a ɗakin wa. A haka na san sunan injiniyan naɗi Rudy Van Gelder, na gane cewa duk faifan da na fi so a ɗakinsa na New Jersey aka naɗe shi. A haka na bi Lee Morgan daga kundin wani zuwa nasa. A waya sunan mutum ɗaya ake rubuta miki da manyan baƙaƙe, mai bes da mai ganguna sai kin tona, wani lokacin ma babu su.

Ummi Zariya: Wannan na ƙarshen gaskiya ne Baba, yana damuna ni ma. Sai na fita daga manhajar na je nema daban.

Injiniya Bashir: Baba, maganar mallaka da maganar bayan kwali na sallama. Amma in aka zo cewa faifai ya fi sauti, nan zan tsaya. A 2022 ta fito fili cewa Mobile Fidelity, kamfanin da masu tara faifai ke rantsuwa da shi, ya yi shekaru yana ratsa sautin ta kwamfuta kafin ya yanka faifan. Masu cewa kunnensu na gane bambanci daga nesa sun yi ta yabon waɗannan faya-fayan, babu wanda ya ji komai sai da aka faɗa. Kind of Blue na Miles Davis ma, na 1959, fiye da shekara talatin ana sayar da shi gefen farko yana ɗan gudu fiye da yadda aka busa, saboda na'urar naɗin ta samu matsala. Sai a 1992 aka gyara. Wato wanda ke da tsohon bugu na asali, shi ne ke jin wanda ba daidai ba.

Mai Saksofon Jos: Masu busa sun daɗe da sanin wannan, don in ka bi tsohon bugun da kayan busarka sai ka ji ba ku haɗu ba, ya ɗan fi ka sama.

Baba Garmaho: Ban taɓa cewa kunnena ya fi na'ura ba, Injiniya. Shekarata 71, sautin sama-sama ma ya fara guje mini. Abin da na ce shi ne faifai na sa ni zama. Ba na tsallake waƙa, don tashi aiki ne. A waya kuwa na lura da kaina, minti ɗaya in bai kama ni ba yatsa ya tafi. Jaz kuma ba ya son gaggawa. Wani solon sai a minti na shida yake buɗewa.

Anti Hauwa Landan: Akwai hanya ta tsakiya fa. Ni a manhaja nake farauta, in abu ya kama ni sau uku sai in je shafin sayar da kiɗa na Bandcamp in saya. A can mafi yawan kuɗin na mai kiɗan ne, kuma tun 2020 suna ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason. Ka sauke, ya zama naka, ko an cire shi gobe yana cikin na'urarka. Na matattu kuwa ina ji a manhaja kawai, ban sayen bugu na biyar na abin da nake da shi. Mai Saksofon, ku buɗe shafi a can, ni ce mai saye ta farko.

Ɗan Damagaram: Anti, sai dai mu nan biyan ne wahala, ba kowane kati ke wucewa ba.

Mai Saksofon Jos: Na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Karɓar kuɗin daga nan ma sai an yi dabara, amma akwai ɗan'uwan mai fiyanonmu a waje, zan yi masa magana.

Ummi Zariya: Tunda ana maganar abin da aka tono daga ajiya, akwai wanda ya shafe mu kai tsaye kuma ban taɓa ji an ambata a nan ba. Yusef Lateef, mai busa ɗan Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin da ya yi Eastern Sounds, ya yi aiki da Cannonball Adderley, ya zo ya zauna yana nazarin sarewar Fulani. Ya naɗi In Nigeria a Legas a 1983 da makaɗan ƙasar nan, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa. Kullum ina wucewa ta wurin. Ɗalibai nawa suka san wannan? Ni kaina a intanet na gano, ba a Zariya ba.

Baba Garmaho: Kin tayar mini da abin da ke damuna har gobe. A shekarun nan ina Kaduna, tafiyar awa guda. Ina da faifansa a ɗaki, ina sa shi kusan kowane mako, ban san mutumin na Samaru ba sai bayan ya koma Amurka. Da na sani da na je ko gaisawa mu yi. Ya rasu a 2013.

Mu a lokacin rediyo ne makarantarmu. Willis Conover mai shirin jaz na Muryar Amurka, da daddare a gajeren zango, sauti na zuwa yana tafiya. Kuma ku duba ikon Allah, wasan Monk da Coltrane na Carnegie Hall na 1957, Muryar Amurka ce ta naɗa, zaren ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar dokokinsu har 2005 kafin wani ma'aikaci ya ci karo da shi. Su sun ajiye, shi ya sa suke da abin tonowa. Ko su ɗin gobarar 2008 a rumbun Universal ta cinye musu zarurruka masu yawa. Mu namu fa? Kaset nawa na makaɗanmu ke cikin kwali a gidajen mutane, gara na ci?

Abban Sadiq: Baba ka juyar da maganar inda ban zata ba. Har yanzu ina kan bakana cewa a zauren nan muna fifita na da. Amma na ji na Anti: wata mai kamawa kuɗin da na ware wa sabon bugun Blue Note zan raba shi, in sayi na masu rai biyu. Mai Saksofon, ka turo mana naku yau, kada ka jira shafi.

Mai Saksofon Jos: Zan turo bayan isha'i. Ku fara da ta uku, ita ce muka gina a kan zarin kalangu, minti tara ce, a yi haƙuri da ita har tsakiya.

Injiniya Bashir: Baba, faya-fayan naka nawa ne yanzu, kuma yaya kake ajiye su?

Baba Garmaho: Sun haura ɗari uku. A tsaye suke, ba a kwance ba, a ɗakin da rana ba ta bugu. Gara ta taɓa shiga ta ci rigunan wajen ashirin a wata damina, na yi kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Da tataccen ruwa na kemis nake wankewa, da tsumma mai laushi, ina bin tsagin a zagaye, in jingine su su sha iska a inuwa. Akwai kuma kaset wajen arba'in da na naɗa daga rediyo, wasu na jaz, wasu na makaɗan gida da ban ƙara jin su a ko'ina ba. Na'urar kaset ɗin ce ta mutu, bel ɗinta ya tsinke.

Injiniya Bashir: Kaset ɗin nan su suka fi gaggawa, faifai zai jira, zare ba ya jira. Ina da na'ura mai aiki da abin haɗa ta da kwamfuta. In ka yarda in shigo Kaduna ranar Asabar mu fara juye su, ka riƙe naka, in ba ka kwafi.

Ummi Zariya: In an sa rana ni ma zan zo, in rubuta abin da ke kan kowane kaset kafin a manta.

Baba Garmaho: Bismillah, ku zo bayan azahar, da safe ina asibiti ganin likitan ido. Injiniya, in kana da allura ta garmaho ka taho da ita, tawa ta fara cin faifai. Zan tura muku kwatancen gidan ta akwatin sirri.